Sharhi: Ruwa Ne Babban Abokin Gabar Gini



Duk shekara idan damina ta kankama, musamman a watan Agusta, sai mu riƙa jin katanga ta faɗi, soro ya rufta kan iyali. Nan da nan a ɗora wa ginin ƙasa laifi. To amma Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, da ƙasa da azara aka yi shi. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 ita ma laka ce, tana nan tsaye. Abin da ke kayar da gini shi ne ruwan da aka bari ya samu hanyar shiga.

Maginan da sun san haka sarai. Sukan jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, su kwaɓa da ƙasa su yi yaɓe, ruwa ya zo ya zame. A saman soro kuwa laso suke shafawa: katsin da ake kwasowa daga marina, a haɗa da gashin majema da dafara. Sannan a sa doguwar indararo ta watsa ruwa nesa da gindin bango. Kafin ruwan farko kuma, kowane maigida ya duba inda ya tsage ya toshe.

Siminti bai soke wannan ƙa'ida ba. Bulon da aka cika wa yashi, ba a kuma shayar da shi ruwa ya yi ƙwari ba, da hannu ake murmushe shi. Tushen da ba a shimfiɗa wa leda ba, danshi zai hau bango, fenti ya ɓare, farin gishiri ya fito.

Haka kwantenar da matasanmu ke mayarwa shago. Idan aka dire ta a kan tsurar ƙasa, tsatsa za ta cinye gindinta, a watan Afrilu kuma ta zama tanda. A ɗora ta kan dakali, a shafa mata fentin hana tsatsa, a yi mata rumfar kwano da ɗan tazara a sama, a fasa tagogi biyu masu fuskantar juna.

Don haka, malam maigida, kada ka jira sai hadari ya haɗu. Ka kira magini tun da rani, ka gyara rufi, ka yashe magudana, ka tsare gindin bango. Kuɗin yaɓe bai kai na sake gini ba, balle ran iyalinka.

Allah ya ba mu damina mai albarka.