Baiwar Rubutu Daban, Kiredit Daban

 

Kusan duk wanda ya fara rubutu a cikinmu akwai ranar da wani ya ce masa, "Kai ai ɗan jarida ya kamata ka zama." Mun ji daɗin maganar, wasunmu har suka ɗora burinsu a kanta. Sai ranar da muka zauna gaban kwamfuta za mu cike fom ɗin JAMB muka gane cewa jami'a ba ta tambayar gajerun labarai nawa ka rubuta, ko mutum nawa ke bibiyar ka a Facebook. Takardar sakamakon sakandare take nema, kuma a nan da yawa daga cikinmu, 'yan Anka da Gummi da Bukkuyum, muka tsaya.

Ga yadda ƙofar take. Mai son karanta aikin jarida da sadarwa a jami'a yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu. Turanci dole ne. Akasarin jami'o'i suna neman Lissafi, da dama kuma suna ƙarawa da Adabin Turanci. Sauran su fito daga darussa irin su Gwamnati, Tarihi, Tattalin Arziki, Addinin Musulunci ko Hausa. A jarrabawar JAMB darasi huɗu ake rubutawa, Turanci da wasu uku, jimillar maki 400, kuma kowace jami'a tana da makin da take yankewa, da tantancewarta daga baya. Mai difloma ko NCE ko IJMB zai iya neman shiga aji biyu kai-tsaye. Amma mu da muka bi ta foliteknik mun ga abin da idonmu: ko sakamakon diflomarka ya yi kyau, sai an koma an duba takardar sakandarenka. Kiredit ɗin da babu shi a can, difloma ba ta haifar da shi.

Akwai kuma canjin da ƙannenmu da yawa ba su sani ba. A farkon 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta raba wannan kwas gida bakwai. Daga ciki akwai aikin jarida shi kaɗai, da watsa shirye-shiryen rediyo da talabijin, da hulɗa da jama'a, da talla, da fim, da sadarwa don ci gaban al'umma. Wanda zai cike fom ya kamata ya san wanne yake so, ya kuma karanta littafin bayanin kwasa-kwasai na JAMB na shekarar da yake ciki, domin sharuɗɗa suna canzawa, kuma na Jami'ar Bayero ba lallai su zama na Ahmadu Bello ba.

Matsalarmu ita ce ana rufe wannan ƙofa tun yaro yana aji huɗu na sakandare, ranar da aka raba 'yan kimiyya da 'yan zube, shi kuma bai san an rufe ba. Wasunmu sun yi shekara shida a makaranta ba su taɓa ganin malamin Adabin Turanci ba. Muna da ƙanwa a ƙungiyarmu ta marubuta, alƙalaminta ya fi na yawancinmu kaifi, ta ci Hausa da sakamako mai kyau, amma shekara biyu ke nan tana gida saboda darasin da ba a taɓa koya mata ba. Ga kuma abin da ya faɗa wa jihar gaba ɗaya. A Satumban 2021 an rufe makarantun Zamfara bayan sace ɗalibai a Kaya ta Maradun, aka kuma katse layukan waya. A 2022 ɗaliban makarantun gwamnati na jihar ba su zauna WAEC ba. Waɗannan yara su ne ake so su yi gogayya da ɗan Legas a kan maki 400 ɗin nan.

Mun san abin da wasu za su ce, domin mu ma mun sha faɗa a zamanmu na ƙungiya: "Abubakar Imam wane digiri ya yi?" Gaskiya ne, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ba tare da digiri ba. Amma mu tuna cewa Imam ya yi Kwalejin Katsina, makarantar da ta fi kowace daraja a Arewa a zamaninsa, ya koyar, sannan ya yi aiki da Rupert East a Zariya yana koyon gyaran rubutu da tsara littafi. Ya samu horo mafi inganci da zamaninsa ya tanada. Idan muka fake da sunansa muka ƙi neman horo, mun ɗauki rabin tarihinsa mun bar rabi.

Mun yarda cewa digiri ba ya koyar da jarumta, kuma akwai ƙwararrun 'yan jarida da suka karanta Hausa ko Turanci ko Tarihi. Sai dai akwai abin da rubutun ƙagaggen labari bai koya mana ba. A labari mu ke da iko, mu kashe wanda muka so, mu raya wanda muka so. A jarida sai ka tabbatar da magana daga majiya fiye da ɗaya, ka ji ta bakin wanda ake zargi, ka san dokar ɓata suna, ka san yadda za ka ɓoye sunan wanda ya ba ka bayani don kada a bi shi gida da dare. A yanki irin namu kuskure ɗaya a nan yana iya cin rai.

Me ya sa muka damu haka? A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke da 'Yargalma. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka bankaɗo wa duniya abin. Bagega kuwa ba a fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai 2013, bayan matasa daga Abuja sun matsa wa gwamnati lamba a kafafen sada zumunta. Mun gode musu. Amma da a ce akwai ɗan yankin da ya iya aikin, wanda ya san hanyar Bagega, ya iya zama da uwa ya bayyana mata da Hausar da take ji cewa ƙurar nan ita ce ke sa ɗanta jijjiga, wata ƙila da labarin ya fita da wuri. Haka lokacin hare-haren Janairun 2022 a Anka da Bukkuyum, haka lokacin ambaliyar Gummi a 2024. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya iya faɗa ta yadda za a yarda da shi.

Don haka shawararmu uku ce. Wanda ya rasa kiredit ɗaya ko biyu, ya sake zama jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO, tunda an yarda a haɗa sakamako biyu. Babu kunya a ciki. Na biyu, kowannenmu ya nemi ƙane ko ƙanwa da ke aji uku na sakandare, ya zaunar da shi ya faɗa masa darussan da zai zaɓa kafin lokaci ya ƙure. Na uku, ƙungiyoyinmu na marubuta su yi abin da suke iyawa: waɗanda suka karanta adabi a cikinmu su ware ranar Asabar su koya wa ɗalibai littattafan da ke cikin manhajar jarrabawa kyauta.

Muna kuma roƙon jami'o'in Arewa su duba wata magana. Gidajen rediyon da jama'armu ke saurare, daga Gusau har zuwa BBC da ta fara Hausa tun 1957, da Hausa suke aiki. Ɗalibin da ya ci Hausa, wadda ita ma akwai adabi a cikin manhajarta, ya cancanci a karɓi kiredit ɗinsa a madadin Adabin Turanci. Kafin a amsa wannan roƙo, mu dai mu cika sharaɗin da ke gabanmu.

Waɗanda suka riga suka samu gurbin wannan karatu a cikinmu, ku faɗa wa na baya darussan da jami'arku ta nema. Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, Ya sa wa alƙalumanmu albarka.