Kafin a kai direba rantsuwa, a duba sakatar kwantena

Na san wasu za su ce ɗan rediyon nan ya rasa abin faɗi, ya bar tsadar hatsi da matsalar wuta ya koma zancen ƙofa. Ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe, don ƙofar ga ta raba mutum biyu da suka yi shekara da shekaru suna cin tuwo kwano guda.

Kawuna ɗan kasuwar aya ne nan Maraɗi. Bara bayan kaka ya haɗa kaya, ya cika kwantena guda zuwa Lome, ya ɗora ma direban da ya saba ɗora ma. Da kaya suka isa aka buɗe aka ƙirga, buhu tara babu. Plom kuwa yana nan maƙale a ƙofa, ba a yanke shi ba. Mai karɓar kaya ya ce shi abin da ya gani ke nan. Kawu ya ce gaban idonshi aka yi lodi. Direba ya ce wallahi tun da aka rufe bai taɓa ƙofar ba. Sai na yi tambaya guda, na ce, “Kawu, mece ce lambar plom ɗin da kuka sa nan gida?” Ya dube ni ya ce, “Kai yaro, wa ke rubuta wannan? Ai mu da amana muke aiki.”

To, ba wanda ya rubuta. Ba mai iya cewa plom ɗin da aka gani Lome shi ne wanda aka sa Maraɗi. Har yau ba a san ko sata aka yi bisa hanya, ko kuskuren ƙirga ne wajen lodi, ko can wajen saukewa aka yi aika-aikar ba. Direban dai ya rasa aikin, an kai shi gaban manya har an yi zancen rantsuwa, yanzu kuma in sun haɗu masallaci gaisuwar baki ce kawai.

Abin da nake son in faɗa shi ne: mun iya cinikin kaya, mun iya cinikin kuɗin mota, mun san farashin buhu a Lome da Kwatano da Abijan, amma ƙarfen da ke riƙe da dukiyar duka mun bar ma aparanti da guduma. Wannan sakaci ne, kuma wanda ya fi kowa rauni a cikin harkar, wato direba da yaron mota, shi ke biyan kuɗinshi.

Bari in ɗan bayyana yadda abin yake, don da yawanmu kullum muna wucewa gaban kwantena ba mu taɓa tsayawa mun duba ba. Ƙyaure biyu ne. A mafi yawan kwantena kowane ƙyaure yana da sandar ƙarfe biyu a tsaye, daga sama har ƙasa. Kowace sanda tana da ƙugiya a kanta na sama da na ƙasa, kuma kowace ƙugiya tana da gidanta da aka liƙa jikin kwantenar. In ka ja hannun, sandar ta juya, ƙugiyoyin su fita daga gidansu. In ka mayar da hannun ka kwantar da shi cikin mariƙinshi, ƙugiyoyin su shiga su matse ƙyauren bisa robar da ke zagaye da shi. Ke nan sanda huɗu, ƙugiya takwas. Ƙyauren dama ake fara buɗewa, shi kuma ake rufewa ƙarshe, don shi ke danne na hagu. Shi ya sa plom a ƙyauren dama ake sa shi. Wanda ya sa shi a na hagu kaɗai, bai rufe komai ba.

Matsala ta farko ita ce guduma. Kwantena in aka ajiye ta a ƙasa marar daidai, ko tirelar ta karkace, jikinta yakan ɗan murɗe, sai ƙugiya ta ƙi haɗuwa da gidanta. Maganin shi ne a gyara mata zama, a share tsatsa da rairayi, a sa man giris. Mu kuwa me muke yi? A ɗauko guduma ko a zura bututun ƙarfe a hannun, ƙarti biyu su rataya. Ƙugiyar ƙasa ta shiga, ta sama ta tsaya waje, ba mai ɗaga kai ya duba. Daga ƙasa ƙofa ta rufu, sama kuwa akwai kafa. Mota ta hau hanya, ramukan gudro su yi ta girgiza ta, ƙura ta shiga, in damina ce ruwa ya shiga. Buhunan da ke bakin ƙofa su jiƙe, riɗi ko wake ko aya su yi fumfuna, a ƙarshe a ce ƙaddara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanga bangon da hannunmu muka tsaga shi.

Matsala ta biyu ita ce ba mu bambance kwaɗo da plom. Kwaɗo mai gadi ne, aikinshi ya hana buɗewa. Plom shaida ne, aikinshi ya faɗa maka ko an buɗe. Sau ɗaya ake amfani da shi, in ya shiga ba ya fita sai an yanke da babban almakashin ƙarfe, kuma yana da lamba a jikinshi. Akwai ma ƙa'idar duniya a kanshi, ISO 17712, inda mafi ƙarfi ke ɗauke da harafin H. Amma shaidar da ba a san sunanshi ba, ina amfaninshi gaban alƙali? In ba ka rubuta lambar ba, kowa na iya yanke naka ya sa wani sabo, kai kuma ka zo ka ga ƙarfe maƙale ka ce lafiya lau.

Har in lambar ta yi daidai, ba a gama ba. Masu harkar sufuri a duniya sun daɗe da sanin cewa ɓarayi kan taɓa ƙusar da ke haɗa hannu da sanda, su bar plom yadda yake. Don haka ake duba ƙusoshin nan: in guda ta bambanta da sauran, ko ka ga sabon fenti a wuri guda bisa tsohuwar ƙofa, to ka tsaya ka yi tambaya. Sababbin kwantena da yawa suna da ramin plom a ƙasa, daidai inda ƙugiya ke shiga gidanta, wanda ya fi na hannu aminci. Akwai kuma ƙarfen da ake gittawa ya kama sandar dama da ta hagu tare. Duk wannan ba ya kai kuɗin buhunan da ake asara.

Kada mu manta hanyar ma ta canza. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, kaya da yawa ta Lome suke bi, su ratso Burkina, Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji. Mota takan kwana da kwanaki tana jiran ayari ya haɗu. Kowane dare da mota ta yi a tsaye, ƙofar nan ce kaɗai tsakanin dukiyarka da hannun wani. Lokacin da tafiya take gajera an iya yin sakaci a tsira. Yanzu ba haka ba ne.

Matsala ta uku ta shafi kayan lambu, kuma nan maganar ta juya. Riɗi da wake da ƙaro suna son ƙofa ta rufu gam. Albasa ba haka take ba. Albasa rai gare ta, tana numfashi, tana fitar da zafi da laima. ƴan ƙananan ramukan iska da ke jikin kwantena ba su isar ta. Ka kulle albasar Galmi cikin akwatin ƙarfe a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ka dafa ta ke nan. Shi ya sa mutanenmu na Galmi da Madawa suke ɗora ta bisa kamiyo buɗaɗɗe zuwa Kumasi da Abijan, kuma suna da gaskiya. A Indiya, masu fitar da albasa cikin kwantena sukan bar ƙyaure guda a buɗe, a ɗaure shi da kyau jikin kwantenar, a tare bakin don kada kaya su zubo. Wannan tsari ne da ake shiryawa tun kafin lodi, da sanin masu jirgi. Ba shi ne a bar ƙofa tana lilo da ɗan igiya ba. Ƙyauren kwantena nauyi gare shi, in iska ta kaɗa shi ya bugi mutum ko mai babur, ba a magana.

Ga kuma kwantena mai sanyi, wadda ake kawo kifi da kaji a ciki, wadda wasu ke saye su mayar ɗakin ajiyar tumatir da dankali. Ita ranta duka yana ga robar ƙofa. In sakata ba ta matse robar ba, iska mai zafi ta shiga, inji ya yi ta aiki ba hutu, kuɗin gazuwal ko na wuta ya ƙaru, kayan bakin ƙofa su lalace. Mai ita ya yi ta zagin injin, alhali laifin na ƙugiya ɗaya ce da ta lanƙwashe.

Akwai abin da ya fi dukiya. Kwantena daga waje kaɗai ake buɗe ta, wanda ke ciki ba ya da abin ja. A watan Oktoba na 2019, mutum 39 ƴan ƙasar Biyetnam aka iske sun mutu cikin tirela mai sanyi kusa da Landan, an rufe su daga waje iska ta ƙare musu. Mu nan muna da kwantena cikin unguwanni, an mayar da su shago da sito, yara na wasan ɓuya kewaye da su, masu gadi na kwana ciki lokacin sanyi. Duk wanda ya mayar da kwantena ɗakin da mutum ke shiga, wajibi ne ya kira mai walda ya yi mata hanyar buɗewa daga ciki. Kuma kafin a rufe, a leƙa a yi kira. Haka wajen buɗewa: in kaya sun zame bisa hanya sun jingina da ƙofa, kana sakin hannun ƙarshe ƙyauren zai taso maka da nauyin buhuna. A ɗaura igiya mai ƙarfi tsakanin sandunan tsakiya tukuna, a buɗe kaɗan a leƙa, kuma a tsaya gefe.

Na san abin da za a ce mini. Wani zai ce, malam, ga rashin tsaro, ga kuɗin hanya, ga shingaye, kai kana zancen sakata. Gaskiya ne, waɗannan sun fi girma, kuma muna maganarsu a rediyo kullum. Sai dai su ba a hannun ɗan kasuwa suke ba. Duba ƙofa kuwa a hannunshi yake, minti goma ne, ba sai ya jira gwamnati ba.

Wani kuma zai ce irin maganar Kawu, cewa rubuta lamba da ɗaukar hoto gaban direba kamar ka ce mishi ɓarawo ne. Ni a ganina akasin haka ne. Direban kirki shi ya fi kowa buƙatar lambar nan, don ita ce za ta wanke shi ranar da bakinshi kaɗai ba ya isa. Da an rubuta ta, da direban Kawu ya nuna salularshi a Lome an wuce wurin. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma ga muminai aka yi umarnin. Rubutu ba ya kashe amana, shi ke tsare ta.

Don haka ga roƙona. Mai kaya, kafin buhu guda ya shiga, ka buɗe ka rufe ƙyauren duka biyu, ka ɗaga kai ka ƙirga ƙugiya takwas. Ka shiga ciki, wani naka ya tura ƙofa yana tsaye, in ka ga haske yana shigowa, ruwa ma zai shigo. In ƙofar ba ta yi ba, ka ƙi kwantenar tun a nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan lodi, a sa plom gaban mai kaya da direba, a ja shi a tabbatar ya kama, a ɗauki hotonshi tare da lambar kwantena, haruffa huɗu da lamba bakwai da ke jikin ƙofa, a aika ma mai karɓa ta WhatsApp. Direba, duk inda ka kwana, da safe ka zagaya baya ka duba. In ƴan duwan suka buɗe don bincike, haƙƙinsu ne, amma ka nemi a rubuta sabuwar lamba bisa takarda kafin ka tashi. Ƙungiyoyin direbobi da na ƴan kasuwa kuma, ku mayar da wannan doka a tashoshinku, don mutum guda in ya fara shi kaɗai za a ce ya cika tsirfa.

Bana Kawu ya sake lodi da wani direba. Ni na je da kaina na ɗauki hoton plom ɗin, yana ta yi mini dariya wai ɗan lakwal. Na bar shi ya yi dariyar. Tsohon direban nashi dai har yanzu yana tasha yana jiran wanda zai yarda ya ba shi mota, kuma ba ni da wata takarda da zan nuna in ce ba shi ne ya ɗauka ba.

Direbobi da masu lodi, ku kuka fi ni sanin hanya. Ku faɗa mana abin da kuka gani da idonku, za mu karanta a shirinmu. Allah Ya tsare matafiya, Ya sa albarka a nema.