Ku Bar Majinyaci Ya Huta!

A ƙasar Katagum, ranar da aka sallamo mutum daga asibiti aka ce ya je gida ya kwanta, ranar ce hutunsa yake ƙarewa. Likita ya rubuta magani, ya ce a sha a kan lokaci, a ci abinci, a yi barci. Kafin a gama sauke tabarma da filas daga cikin keke, labari ya zaga dangi tun daga Azare har Chinade, Madara da Gamawa. Kashegari ɗaki ya cika maƙil. Wannan dubiya, yadda muke yin ta yanzu, cutarwa ce, kuma na gaji da ganin ana lulluɓe ta da sunan zumunci.

Kada wani ya ce na ƙi sunna. Duba marar lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa, ba mai musun haka. Amma malaman da suka karantar da mu wannan haƙƙi su ne suka karantar da ladubbansa: ka zo a lokacin da ya dace, ka taƙaita zama, ka yi addu'a, ka faɗi abin da zai ƙarfafa masa zuciya, ka kama hanya. Mun riƙe zuwan, sauran kuwa mun watsar.

Na je gaida wata gwaggona a Azare cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Takalma jibge a ƙofar ɗaki, babu wuta, fanka a tsaye. Tana kwance, bayan hannunta da filastar inda aka yi mata ƙarin ruwa. Duk wadda ta shigo ta ce, "Sannu Hajiya, ya jiki?" sai ta yunƙura ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali, ta ce, "Da sauƙi," alhali leɓɓanta sun bushe, idanunta na rufewa da kansu. Wata ta ɗare bakin gado tana ba da labarin maƙwabciyarta da ciwonta ya fara haka, ba a yi mako ba aka kai ta makwancinta. Wata ta kwance ƙullin sassaƙe ta ce a jingine ƙwayoyin asibiti tukuna. Wani saurayi ya ɗaga waya ya ɗauke ta hoto a wannan hali don ya watsa a WhatsApp, wai ana barar addu'a, ko tambayarta bai yi ba. Ƙaramin rediyonta, wanda tun safe take son a kunna mata, yana kan taga a kashe, don kada a ce ta wulaƙanta baƙi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, abin da majinyaci ke bukata don yini ya wuce masa ba shi da tsada. Mai zazzaɓi ba ya iya dogon zance, amma yana iya saurare. Tun 1957 Sashen Hausa na BBC ke shiga ɗakunan iyayenmu, ga DW, ga RFI, ga tashoshinmu na jiha. Batir biyu sun isa. Mutum ya rufe ido ya ji labarin duniya, barci ya ɗauke shi a tsakiya, rediyo ba zai yi fushi ba, ba kuma zai jira a kawo masa ruwa da lemo ba. Wani karatun Alƙur'ani yake so a saka masa ƙasa-ƙasa, ko tafsirin Shehu Dahiru Usman Bauchi, ko na Malam Ja'afar, gwargwadon inda zuciyarsa ta kwanta. Wani carbinsa kaɗai ya wadatar da shi. Tsohuwar da idonta ya yi rauni, a sa jikanta ɗan firamare ya karanta mata labari ɗaya daga Magana Jari Ce. Labaran gajeru ne, ana gama ɗaya kafin gajiya ta zo, yaron ma ya ƙaru. Dattijon da ya fara jin ƙarfi, a fitar masa da tabarma gindin maina bayan la'asar, aboki guda ya zo su yi dara, ko su yi shiru tare suna kallon masu wucewa.

Masu cewa ai ga waya, ya kalli fim, su tuna inda muke. Wuta ba ta da tabbas; a watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan lantarki. A farkon 2025 kuma hukumar NCC ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Gidan da ya gama zube kuɗi a kemis ba shi da na wannan. Balle hasken waya ƙara wa mai ciwon kai azaba yake yi.

Na maza ma da sauƙi. Idan maigida ya kwanta, ana hana yara gudu a tsakar gida, a dama kunun tsamiya, a yi farfesu. Idan uwargida ce fa? Da zazzaɓin za ta hura wuta, domin 'yan dubiyarta sun zo daga nesa, kuma abin kunya ne su koma ba su ci ba. Matar da aka yi wa aiki a ciki, ɗinki bai kame ba, za ka same ta durƙushe gaban murhu tana tuƙa wa waɗanda suka zo yi mata sannu tuwo. Mijin yana zaure yana amsa gaisuwa. Ina tausayin yake? Wane zumunci ne zai sa marar lafiya ta yi wa mai lafiya hidima? Wadda ta zo da niyyar lada ta ɗaura zani ta wanke kwanuka, ta ɗebi yara ta tafi da su gidanta su yini. Wanda ya zo daga Shira ko Itas ya riƙo abincinsa, ko ya ci a tasha.

Ga kuma haɗari. A 2023 mashaƙo ya ɓarke a Kano, Yobe da nan Bauchi, ya fi kashe yara, kuma ta tari da atishawa yake yaɗuwa. Jiharmu tana cikin waɗanda zazzaɓin Lassa ya fi addaba a Najeriya. Duk da haka sai a cusa mata da goyo cikin ɗaki mai taga ɗaya, a kewaye mai tari, ana shan ruwa da kofi guda. Maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana uku ne a jere. 'Yan dubiya masu jiƙe-jiƙe su ne ke sa a yanke shi a tsakiya, ciwo ya dawo, a sake komawa layin asibiti.

Limamanmu na Juma'a a Azare, Jama'are da Misau, ku ware huɗuba guda a kan ladubban dubiya, domin maganarku ake ji. Magidanta, ku tsaya a ƙofa ku ce, "Ta samu barci, za a faɗa mata kun zo." Wanda ya yi fushi da wannan, da ma ba don ita ya zo ba. Kai kuma mai shirin zuwa dubiya gobe, minti biyar sun ishe ka: ka yi sallama, ka yi addu'a, ka ajiye abin da ka riƙo, ka fita.