Filin Masu Mota: Yadda Muka Sha Neman Manifol a Magazin

A wannan wata maganar tsohuwar mota za mu yi, don ta ba mu wuya a 'yan kwanakin nan, mun kuwa san ba mu kaɗai ne masu irinta a Zango ba.

Motar da muke nufi ita ce fikof ɗin masallacin unguwarmu a nan Kumasi, Toyota Hilux fara, wadda wani bawan Allah ya bayar sadaka. Ita ke kai gawa maƙabartar Tafo, ita ke kwasar kujeru in ana suna ko ɗaurin aure. Tun bayan babbar salla ta soma ciwo. Da an tsaya a danja sai ta yi ta rawa ta mutu, ruwan lagireto kuwa kullum sai an ƙara, alhali ba a ganin ɗigo a ƙasa. An sake fulogi, an wanke kafireta har sau biyu, duk a banza. Ranar da ta mace a hanya da mamaci a baya, har sai da samari suka tura, ranar ce kwamiti ya ce a kai ta Suame Magazin.

Bakaniken bai kwance kome ba tukuna. Ya ta da inji, ya fesa man wanke kafireta a inda wani ƙarfe ya haɗu da kan inji, sai muka ji kukan motar ya sake. Ya ce, "Alhaji, manifol ne, yana shan iska."

Ga wanda bai sani ba, manifol shi ne ƙarfen nan na alminiyam mai rassa huɗu da kafireta ke zaune a kansa. Aikinsa raba haɗin fetur da iska ga silinda huɗun nan. In ya tsage ko bakinsa ya cinye, iskar da ba a auna ba ta kan kutsa, haɗin ya yi salam, mota ta kasa riƙe silo. A injin irin namu, wato 22R, ruwan lagireto ma yana ratsa cikinsa. Da aka kwance, sai ga bakin hanyar ruwan ya zama kamar gara ta ci. Laifin kuwa namu ne: shekara da shekaru ruwan rijiya muke ɗura mata, ba mu taɓa sayen ruwan inji mai launi ba, wanda shi ke hana ƙarfe ruɓewa. Mai walda ya duba ya ce ramukan sun yi yawa, ko ya cike ba zai ɗauki alkawari ba.

To, sai nema. Mun shiga layin 'yan sifiya da ƙafar dama, muna cewa manifol na tsohuwar Hilux muke so. Kowane shago sai a ce akwai, a tura yaro ya ɗauko. Na farko da aka kawo na dizal ne, ko wurin zaman kafireta babu. Na biyu na injin 4Y ne, wanda manifol ɗinsa da na salansa gefe guda suke, alhali a 22R kowane da nasa gefen. A nan muka gane sunan mota ba ya saye a Magazin. Hilux ta fito da injuna iri-iri, kuma motar da ta yi shekara talatin a ƙasar nan da wuya a ce injin da ta zo da shi ne a cikinta. Lambar da ke jikin injin ita ce abin tambaya, ba rubutun da ke bayan bodi ba.

Ko a cikin dangin ma akwai tarko. Toyota ta yi 22R daga 1981 zuwa 1997, girmansa cc 2,366. Kafinsa akwai 20R, mai cc 2,189, wanda in ka gan su a ajiye sai ka rantse tagwaye ne, amma bakin ramukan 20R zagaye yake, na 22R kuwa mai kusurwa ne, ba sa hawa juna. Akwai kuma 22R-E mai injekta, shi manifol ɗinsa gida biyu ne, ba shi da abin yi da kafireta. Irin na motocin Amurka kuma ya kan zo da ƙarin ƙofofi na na'urar rage hayaƙi, waɗanda in ba a toshe su da kyau ba, an sayi ciwon da ake gudu ke nan.

Mu na 20R muka saya a rana ta biyu, don ba mu tafi da tsohon ba. Da muka mayar, mai shagon ya ce kayan gwanjo in sun fita ba sa dawowa. Sai da manya suka sa baki ya karɓa, bayan ya yanke wani abu a kuɗin. Kuɗin jama'a ne fa, na asusun Juma'a, mu ne kuma za mu tsaya gaban kwamiti mu yi bayani.

Wani dattijo mai yanka motoci ya gaya mana abin da ya sa kayan ke ƙaranci. Ya ce da yawa sun tafi wuta. Alminiyam yana da daraja a kan sikeli, 'yan kondem suna saye, masu zubin tukwane suna narkarwa. Watakila tukunyar da aka dafa mana waken suna jiya manifol ce a da. Ba ma ganin laifinsu, kowa abincinsa yake nema, amma muna roƙon 'yan'uwanmu masu wannan sana'a, in irin wannan ya faɗo hannunsu lafiyayye, su leƙa wurin kanikawa kafin su ɗora a sikeli, sun ma fi samun riba.

A ƙarshe Ankara aka samu, a Abossey Okai, ta hannun wani ɗanmu da muka tura wa hoton tsohon da na sabon gasket ta WhatsApp. Mun ce kada ya biya sai ya ɗora gasket a bakin ya ga kowane rami ya dace, ya aza ruler ƙarfe ya ga bakin bai karkace ba, ya haska tocila a hanyar ruwa, ya kuma gwada noti a mazaunin kafireta ko zaren ya cinye. Biyu ya ƙi, na uku ya ɗauka, aka sa a motar dare.

Yau sati uku ke nan tana riƙe silo a danja. Kwamiti ya sa galan ɗin ruwan inji a cikin kasafin wata, tsohon manifol kuma mun rataye shi a sito, duk mai irin wannan inji da zai shiga Magazin ya zo ya ara ya gwada da shi. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.