Kowane Aiki Da Irin Takardarsa

A kowace shekara ɗimbin samari da 'yan mata na Birnin Zazzau kan kammala karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli, su yi hidimar ƙasa, sa'an nan su komo gida neman aiki. Abin da ke fara isa gaban mai ɗaukar ma'aikata kuwa shi ne takardar bayanin kai, watau wadda ke nuna karatun mutum da ayyukan da ya yi. Abin takaici shi ne da yawansu shagon kwamfuta suke zuwa, daga Babban Dodo har Ƙofar Doka, a ɗauko takardar wani a goge sunansa a sa nasu, su yi ta aika ta ko'ina.

A namu ra'ayin, wannan sakaci ne mai jawo asara, domin tsarin takardar iri-iri ne, kuma aikin da ake nema shi ke nuna wanda ya dace.

Na farko shi ne jerin shekaru, inda mutum zai fara da aikinsa na yanzu ya gangara zuwa na baya. Shi ya fi dacewa da ma'aikacin gwamnati mai neman canjin ma'aikata ko babban muƙami, don ana so a ga ranar da ya fara aiki da matakan da ya taka. Aikin Tarayya kuma yana bukatar a nuna jiha da ƙaramar hukuma, saboda ƙa'idar raba guraben aiki tsakanin jihohi, wadda aka kafa wa hukuma ta musamman a 1996.

Na biyu shi ne tsarin da ke gabatar da gwaninta kafin shekaru, kuma shi muke so ɗalibai su lura da shi. Yaron birni da ya tashi gidan ɗinkin babbar riga, yana karɓar aiki, yana raba wa masu ɗinki, yana riƙe lissafi, ai ya san tafiyar da kasuwanci. Yarinyar da ta yi shekara uku tana koyarwa a Islamiyyar unguwarsu ta san riƙon aji. Amma sai ka ga sun ɓoye waɗannan don ganin ba aikin ofis ba ne, su bar takarda fayau in ban da sunayen makarantu. Wanda ya daɗe ba shi da aikin albashi, wannan tsari ne zai fid da shi kunya.

Na uku shi ne doguwar takardar malaman jami'a, mai ɗauke da bincike da rubuce-rubucen da aka buga. A Samaru da Kongo tsawonta ba laifi ba ne, amma kamfani ba ya bukatar fiye da shafi biyu. Manyan kamfanoni da dama ma kwamfuta ce ke fara tace takardun, ita kuwa ado da zane-zane ruɗa ta suke yi. Mai neman aiki a Ingila ko Amurka kuma ya sani can ba a saba sa hoto ko shekarun haihuwa ko addini ba.

Kowane tsari aka ɗauka, gaskiya ce ginshiƙinsa. Ba mu manta ba a 1999 Shugaban Majalisar Wakilai Salisu Buhari ya sauka daga kujerarsa saboda digirin Toronto na ƙarya da ƙarin shekaru, kuma a 2018 Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta yi murabus a kan takardar yafe hidimar ƙasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Saboda haka muna kira ga makarantunmu na Zariya su koya wa ɗalibai wannan rubutu kafin su fita, kada su bar wa masu shago. Muna kuma roƙon ma'aikatu su riƙa bayyana irin tsarin da suke so a cikin sanarwarsu, su kuma tabbata takarda ake dubawa ba sanayya ba. In ba haka ba, duk gyaran da ɗan talaka zai yi ya tashi a banza. Allah ya sa a gyara.