Idan Injin da Aka Gyara Ya Sake Bugawa

A Mainika ta Ƙaramar Hukumar Gwarzo, idan injin da aka gyara ya sake bugawa, mai mota yakan haɗiye fushinsa, domin makaniken ɗan gari ne, sahu ɗaya suke sallah. Wannan kunya ita ke cinye kuɗinsa. Fiƙihun Malikiyya kuwa ya ɗora wa mai sana'a lamunin abin da ya lalace a hannunsa bayan idon mai shi. Sai dai makanike ma yana da hanzari: wataƙila kayan da aka sayo a Ƙofar Ruwa ne jabu. Mafita ita ce yanke magana gaban shaidu kafin a sauke inji: wa zai sayo kaya, wa zai ɗauki asara, sannan a dawo da tsofaffin da aka cire.