Garwashi a ɗaka: wa zai faɗa wa talakka?

Ɗari na kamawa, daga Maraɗi har Damagaram, sai a shigar da murhu ɗaka a rufe ƙofa. Jama'a na tsoron wuta mai ci bal-bal, alhali mai ci a kwance ta fi ɓarna. Itace ba ya kamawa sosai sai zafinsa ya kai wajen digiri 300. In ɗanye ne, zafin ya ƙare wajen ƙafar da ruwan cikinsa, hayaƙi ya turnuƙe. In kuma iska ta yi ƙaranci, garwashi ya fidda wata guba marar wari, marar launi: mutum ya ji ciwon kai, ya kwanta, shi ke nan.

A Turai, masu ɗumama gida da itace na manna ma'aunin zafi jikin bututun hayaƙi, su riƙe shi tsakanin digiri 150 da 250. Ƙasa da haka kwalta ta taru a ciki, wata rana ta kama. Mu bututun ma ba mu da shi, balle ma'auni.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya ci rayuka miliyan 3.2 a 2020. Tun shekarun 1980 aka san murhun Mai Sauƙi a Nijar, amma don tsimin itace aka yi ta tallarsa. Dokar 1992 ta tsara kasuwannin itace na karkara, da harajinsu. To, mi ya hana mahukunta su ɗebi kaɗan cikin kuɗin nan, Muryar Sahel ta riƙa shela kowane Disamba: itace busasshe, taga a buɗe, garwashi waje kafin barci?